Ramin da Inna Ta Haƙa

Shekarar da aka haifi ƙanena Sani, a garin Dogo muka yi lokacin sanyi wajen Kaka, mahaifiyar babanmu. Da maraice mukan kewaye murhunta muna gasa gyaɗa, ita kuma ta yi ta zuba mana tatsuniya har gyaɗar ta ƙone.

Gidan ba daɗi a lokacin. Sani ya isa kama abu, amma ko ludayi ka kaɗa masa ba ya miƙo hannu. Maƙwabta, da ba a raba su da magana, suka fara raɗe-raɗin yaron ba ya gani. Inna ta tsorata, ta ƙara ƙanƙame shi: in ba a goye yake ba, hannuwa cikin zane, to yana kwance an lulluɓe shi har wuya. Nakan ji kukanta a ɗaki, ni ma in kama nawa.

Kunya ta hana Kaka yi wa surukarta faɗa, sai ta biyo ta tatsuniya. Ta kawo ta wata birinya da son ɗa ya hana ta sauke shi. Ɗan biri ya girma a bayan uwa, kanya na faɗowa gabansa, sai dai kallo. Kunkuru ya tona rami a yashi, ya zaunar da ɗan birin har ƙugu, ƙasa ta riƙe masa baya, nan ya wawuri kanya.

"Hannun da ke naɗe, ko yake tokare da jiki, da me zai kai wa abu?" in ji Kaka, idonta a kan wuta.

Da safe Inna da kanta ta haƙa rami a tsakar gida, ta shimfiɗa tsumma, ta zaunar da Sani. Kaka ta tsuguna tana lila masa jan murjanin wuyanta. Ya kai hannu ya kuskure, ya sake kaiwa, can ya damƙe ya ja da ƙarfi.

"To ga makahon naku, ya yi wa matarsa fashi," in ji Kaka. Inna ta rangaɗa guɗa, hawaye na zuba.

Sai da na haihu na gane Inna: abin da kake tsoron rasawa, ƙara rungume shi kake yi, ko da rungumar ce ciwonsa. Nawa na sauke su da wuri, gabana na faɗuwa. Sani kuwa yau tela ne a Zango, shi ke zura wa Inna zare a allura.