Kalmar da Ta Kori Mode daga Rara

Duk Rara babu wanda ya kai Mode iya noman albasa, babu kuma wanda ya kai shi tsoron hukuma. Ɗan doka ya yi atishawa a Rabah, sai gaban Mode ya faɗi a fadama. Abin taƙamarsa a duniya bai wuce matarsa Kulu ba, mace ce mai tsadar magana.

Shekara biyu bayan yaƙin Bama, Baturen gona ya sauka Wurno duba amfanin rani, hakimi ya sa aka kira Mode da kwandonsa. Bature ya ɗauki albasa guda, ƙatuwa kamar kan jariri, ya juya ta, ya shinshina, ya zaro ido ya ce, "Beri gud."

To, Mode dai Hausa yake ji, abin da kunnensa ya ba shi kuwa shi ne, "Bari, gudu." Bawan Allah, ba ya musu da na gaba. Ya bari, ya gudu. Tafinta ya bi shi yana kira, ɗan doka ya bi tafinta, Mode ya waiwaya ya hango jar darar ɗan doka, sai ƙafa me na ci ban ba ki ba. Bai tsaya ba sai Giyawa. Rani uku yana can yana kiwon jakunan mutane da sunan Isa, kewar Kulu na cinsa, kullum yana fargabar alƙali ya raba auren.

Ran nan a kasuwar Goronyo ya yi kiciɓis da tafintan nan mai suna Malami, wanda ya tare shi da magana.

"Kai na mai albasa? Yo ai yabonka anka yi. Gud shi na kyau. Beri ko ƙwarai ta, ba ta da aikin kanta, abin da tat taras gabanta shi taka kumburawa. In kyau na ta ƙara mai, in tsiya ta ta ƙara mata."

Mode ya ce, "Kalma maras aikin yi ita tac ci man rani ukku?"

Ya isa gida da hantsi, ya tarar da Kulu tana surfe. Ya tsuguna gefen turmi ya kwashe labari duka ya gaya mata, har da fassarar Malami, ita ko ba ta aje taɓarya ba. Can ya yi ƙarfin hali.

"Kulu, kin yi hushi da ni?"

Ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Beri."

Shi ke nan fa. Ko cewa ta yi ya bar zancen ya wuce, ko irin ta Bature ce ta ɗana masa, Mode bai sani ba, tsoro kuma ya hana shi bin ba'asi. Ranar da miya ta yi daɗi sai ya ce Hausa ta yi masa, ranar da gishiri ya yi ƙaranci ya ce Turanci ne. Shekara talatin suna tare a haka. Ta riga shi rasuwa, bai tambaye ta ba.