Hannun da Ke Gefen Hoton Binuwai

Alhamis: Potiskum zuwa Jos

Ƙarfe biyar da kwata, ana idar da sallar asuba, mai napep ya sauke mu a tasha, ni da mahaifiyata da buhun gero rabi da jarkar man shanu. Ibi za mu, garinsu, can tsallaken kogin Binuwai, inda ta yi shekara goma sha ɗaya ba ta taka ba. Ku da kuka ga hotuna goma sha biyun da na saka a shafina kuna ta yabo, har wani ya ba ni shawarar in yanke hannun da ya shigo gefen hoto na tara, ku yi haƙuri ku bi ni, za mu iso wurin hannun nan.

Ni mai sayar da maganin dabbobi ne a Kasuwar Shanu. Zane kuwa sha'awa ce kawai: idan ciniki ya yi sanyi sai in ɗauki fensir in zana bijimin da ke gabana, kuma ba yabon kai ba, Fulani na gane shanunsu a takardata. Da na sayi wata tsohuwar kyamara sai kai ya ƙara girma, na fara ganin kaina gwani.

Ni ne ɗan farin Inna, kuma kun san yadda abin yake. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Danchuwa. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, “wancan” take ce mini, kuma ba ta yi mini magana kai-tsaye muddin akwai wani mai kunne a kusa. Ƙanena Modu ne ɗan rakiyarta kullum, amma ya faɗi a babur ya karye, ƙanwata Yagana kuma tana jego. Dole ta sa aka haɗa mu.

Ana gobe za mu tashi Yagana ta kira ni ɗakinta ta ɗora mini aiki. Inna ba ta da hoto ko ɗaya sai na katin zaɓe, wanda ta fito a ciki kamar an kama ta da laifi. Biki ko suna, da an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

“Yaya Bukar, ko sata ne ka sato mana ita,” in ji Yagana. “Tsufa ya zo. 'Ya'yanmu su san kamarta.”

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne.

Sai shida da rabi mota ta cika. Inna ta zauna a baya jikin taga, ni a gaba. Kafin mu kai Darazo ta riga ta mai da direba ɗan aikenta. Ta ce masa ya gaya wa wancan ya ɗaga gilashi iska na dukan ta. Direba ya waiga yana neman wancan, na ɗaga gilashin, mota ta kwashe da dariya. Wata tsohuwa a cikin motar ta ce a bar su, ai kunya ado ce.

Shingayen jami'an tsaro bakwai na ƙirga kafin Bauchi. A ɗaya wani soja ya karɓi kyamarar ya jujjuya, ya ga ba komai ciki sai shanu, ya miƙo mini yana girgiza kai. Mun shiga Bauchi goma da rabi, muka ci masa da miyar taushe a bakin tasha. Nan na fara gwada sa'ata: na ɗaga kyamara daga nesa tana wanke hannu. Da fuskarta ta cika gilashin sai na kasa dannawa, na karkata na ɗauki mai masar.

Ƙarfe uku muka sauka a Jos, gidan wani abokin marigayi Babanmu da suka yi fataucin shanu tare. Sanyi ya hana ni sakewa. Na ce wa kaina gobe ma rana ce.

Juma'a: Jos zuwa bakin ruwa

Shida da rabi muka bar Jos ta Mangu da Panyam, muka gangara duwatsu zuwa Shendam, awa huɗu cif. Daga nan sai wata tsohuwar mota mai ɗaukar mutum biyu a kujerar gaba. Muka tsaya Yelwa aka yi Juma'a, sannan muka kama hanyar da ba ta cancanci sunan hanya ba. Ƙarshen damina ne, ramuka cike da ruwa, sau biyu muna sauka mu tura.

Ƙarfe huɗu saura minti goma muka iso Sarkin Kudu, inda titi ke ƙarewa a cikin yashi. Ni ɗan Potiskum, babban ruwan da na sani shi ne kududdufin damina. Da na hangi Binuwai ya cika ya batse, ɗaya gaɓar kamar zaren da aka shimfiɗa, sai na manta da yunwa, na manta da buhun gero, na manta da wadda na rako. Hoto na ɗaya zuwa na biyar duk a nan na ɗauke su: masu banda kifi, kwale-kwale jere, da wata mata mai ɗauke da tulin doya.

Inna ta shiga wata rumfar mata ta ce za ta yi la'asar. Ta daɗe. Da ta fito ta canja kaya: atamfa shuɗiya mai tsohon yayi, da farin mayafi mai bakin zare, ga kwalli raɗau a idonta. Na lura da hakan, ba zan yi ƙarya ba. Na ɗauka don dangin da za su tarbe ta ne.

Fito

Jirgin fiton katako ne mai faɗi, da inji biyu a baya. Aka ɗora masa mota ɗaya da babura, mu kuma muka cika gefe da gefe. Mai kula da shigar mutane wani dattijo ne siriri, ana ce masa Baba Sarki. Inna ta gaishe shi ta faɗi sunan mahaifinta, sai ya dafe kai ya yi salati, ya sa aka ba ta wuri a kan benci. Ni ina can ina goge gilashin kyamara, ban ji abin da suka tattauna ba.

Huɗu da minti arba'in aka tashi inji. Rana ta karkata, ruwan ya koma launin jan ƙarfe, wasu fararen tsuntsaye suka taso daga wani tsibirin yashi. Irin hasken da mai zane ke mafarki. Na durƙusa a gaban jirgi na daidaita komai yadda nake so: ruwa, tsibiri, masunci ɗaya a tsaye cikin kwale-kwalensa.

Muna tsakiyar kogi na ji muryar Inna a bayana, da Baba Sarki take.

“Malam, tambayar mini mai na'urar nan. Abin nasa yana ɗaukar mutane, ko sai tsuntsaye da shanu?”

Mutane suka yi dariya. Na ɗauka zolaya ce irin wadda na saba sha a gida, cewa ƙaton mutum da iyali yana wasa da fensir. Ko waiwayowa ban yi ba na ce wa Baba Sarki ya gaya mata ni ba mai hoton biki ba ne, abin da Allah ya halitta nake ɗauka. Aka sake dariya, na ji daɗin kaina.

Jim kaɗan sai farin mayafi ya shigo mini gilashi. Ta taso daga bencin, duk da ciwon gwiwarta da tangaɗin jirgi, ta zo ta tsaya daidai inda na saita, ta dafa katakon gefe. Ba ni take kallo ba, ruwa take kallo. Masuncin nan kuwa ya ɗaga birgi, ragarsa ta kamun kifi, zai jefa, abin da nake jira ke nan tun ɗazu.

“Inna, a ɗan matsa gefe,” na ce. “Ana tare mini ruwa.”

Ta matsa. Na danna. Birgin ya buɗe a sama kamar laima, kuma shi ne hoto na tara da kuka fi so. Da na ɗago ta riga ta koma benci ta ja mayafin ta rufe fuska. Baba Sarki ya dube ni ya daɗe, sannan ya tafi wurin igiya. Minti ashirin da biyar muka yi a kan ruwa.

Kwana huɗu a Ibi

Kawu Ɗanlami, ƙanen Inna, shi ya tarbe mu. An yi koke-koke an yi dariya, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi ragon ruwa, na ci har na ji kunya. Washegari da hantsi muna zaune a zaure ina nuna masa hotuna, ina jiran yabo. Da ya zo kan na tara sai ya tsaya. Ya ce wannan tsibirin ai nan mahaifinsu yake ɗaure jirginsa, shekara talatin yana fito a wurin. Ya kuma ce da ya ga yayarsa da shuɗiyar atamfar nan jiya sai da gabansa ya faɗi, don da ita aka tsallaka da ita ranar da Babanmu ya tafi da ita Potiskum tana amarya. Ya tambaye ni ina wanda na ɗauke ta.

Na ce batir ne ya mutu. Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce, don hotuna uku na bayan wannan suna gabansa.

A nan abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Matar da ba ta iya kiran sunana, ta yaya za ta buɗe baki ta ce ɗauke ni hoto? Iyakar abin da al'ada ta bar mata ta yi: ta yi kwalliya, ta aiko da tambaya ta bakin wani, ta taso da ƙafarta ta tsaya a gabana. Ni da na tashi cikin wannan kunyar, na fi kowa sanin yarenta, ni ne na kore ta saboda masunci da ban san sunansa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, abincin rana ma kasa ci na yi.

Kwanakin nan 'ya'yan Kawu sun yi ta bin ta da waya. Ba wanda ya samu ko goshinta.

Talata: komowa

Bakwai na safe muka shiga jirgin farko. Inna na sanye da kayanta na kullum, ta zauna kan buhun bandar kifin da aka ba mu, ta ba gaban jirgi baya. Da muka zo daidai tsibirin na tattara duk ƙarfin halin da nake da shi, na durƙusa kusa da ita, na ce ko za a tashi a ɗauka.

Ta juya wajen Baba Sarki.

“Ka ce masa ya yi aikinsa. Kar a tare masa ruwa.”

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma da faɗan ne da ya fi mini sauƙi. Na mai da kyamara cikin jaka, ban sake fito da ita ba har gida. Muka kwana Jos, muka kama hanyar Bauchi da sassafe, muka shigo Potiskum Laraba biyar na yamma, manyan motocin shanu na ta fitowa daga kasuwa.

Gida

Yagana ta bi hotuna ɗari biyu da goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, jaririnta a cinya. Ta sami tsuntsaye, ta sami doya, ta sami mai masar Bauchi. Da ta gama ta ce ashe don hoton ne Inna ta sa ta yi mata lalle ana jibi za mu tafi, har tana tambaya ko hoton na'urar wancan yana daɗewa bai goge ba. Ba ta zage ni ba, ta miƙo mini kyamarar kawai.

Na ce ai ni mai zane ne, zan gyara. Na zauna da fensir mako guda. Na zana atamfar, na zana mayafin har bakin zarensa, na zana tsibirin. Da na zo fuska sai fensir ya tsaya. Na san tsayin ƙahon kowane irin sa da ke shigowa kasuwa, amma ban san yadda idon mahaifiyata yake ba, don shekara arba'in da biyu ban taɓa tsayawa na kalle ta ido da ido ba.

Daga ƙarshe na wanke hoto na tara, na sa a firam, na ba Yagana ta kai mata. Yagana ta ce Inna ta karɓa ta daɗe tana dubawa, ta sa ɗan yatsa a kan tsibirin, sannan ta ce a gaya wa wancan ruwan ya fito da kyau. Ba ta rataye shi ba. Yana cikin akwatinta, ƙarƙashin shuɗiyar atamfar, kuma gwiwarta yanzu ko Bauchi ba za ta kai ta ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa masu masaukinmu na Jos, da Kawu Ɗanlami da iyalinsa, da Baba Sarki da ya rufa mini asiri da shirunsa. Kai kuma ɗan'uwa mai shawarar a yanke, na gode, idonka na da kyau, hannun ya ɓata tsarin hoton da gaske. Amma yatsu huɗun nan masu lalle a kan katako, su kaɗai ne abin da na kawo wa Yagana, kuma nan za su zauna.