Dashen Sata

Tun Idalina ba ta kai tsawon tebur ba take jin sunan. Idan baƙuwa ta yaba wani fure a tsakar gidansu, sai mahaifiyarta ta rage murya ta ce, "Na Alzira ne." Jan furen da ke bakin taga na Alzira ne, mai ƙamshin da ke hawa bangon kicin shi ma na Alzira ne. Yarinya sai ta ɗauka sunan kowane fure ke nan. Ranar da malamar aji ɗaya ta ɗaga hoto ta ce wa ya san wannan, Idalina ta miƙe ta ce, "Alzira ne." Yaran ba su ga abin dariya ba, domin rabinsu abin da suka sani ke nan. Malamar ce ta yi dariya har da hawaye. Ita ma akwai tukunya biyu a barandarta.

Sai daga baya Idalina ta gane Alzira mutum ce, gajeriyar tsohuwa mai ɗora malafar maza a kan ɗankwali, gidanta ne na ƙarshe kafin hanya ta gangara garin Silves. Kowa Gwaggo yake ce mata, har limamin coci. An haife ta a gidan masu shanyar ɓaure, ta bar makaranta a aji uku, ta auri Gervasio magini, wanda ya tafi Faransa neman aiki ya dawo da rediyo da ciwon baya. Da aka fara gina manyan otal a bakin teku, ta samu aikin cirar ciyawa a lambun ɗaya daga ciki. Shekara ashirin da shida ta yi a can, kuma kafin ta bari ba a ajiye ko tukunya a ƙofar otal ɗin sai an tambaye ta. Ta ce abin da ta koyo bai taka kara ya karya ba: "A watan Afrilu kowane fure ango ne. Ku nuna mini shi a Agusta."

Lokacin da Gervasio yake gina katangar gidansu ta tsaya a kansa, ta hana shi ɗaga ta sama da ƙugu. Da dalili. A ƙauyen kowa ya san dashen da aka roƙa ba ya kamawa, wanda aka yi wa godiya kuwa ko mako ba ya yi. Na sata shi ne mai tsawon rai. Saboda haka Gwaggo Alzira ba ta sayarwa, ba ta kyauta. Tana dai wucewa ta ƙofar mutane tana lura: wace ƙofa rana ke dafawa, wa ke manta ban ruwa, wa ke da awaki. Sai ta jera abin da ya dace da kowa a jikin katanga, bayan abincin rana ta rufe tagoginta, ta bar 'yar kafar leƙe ɗaya.

Wanda ya saci daidai ba ya jin komai. Wanda ya yi kuskure kuwa washegari zai gamu da ita a layin burodi.

"Graciete, hannunki da tsawo, idonki ne gajere. Wanda kika tsinka inuwa yake so, ke kuwa ƙofarki tanderu ce. Na kusa da shi ne mai hankali zai sata."

Mace ɗaya ce a ƙauyen ba ta taɓa miƙa hannu ta katangar nan ba: Kaka Deolinda, kakar Idalina. Ita ba ta sata, ta faɗa ta maimaita. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce ta shiga gidan Alzira ta ƙofa, da farantin cincin a hannu, ta roƙi reshen fure mai ƙamshi, ta yi godiya da ƙarfi a gaban maƙwabta. Alzira ta ce, "Kin kashe shi." Ya kuwa mutu. Kaka ta ce da gangan aka ba ta busasshen tsinke. Daga ranar gaisuwarsu ta koma ɗaga haɓa. Idalina ce mai riƙe da irin waɗannan labarai a gidan, ita ake tambaya shekarar da aka yi kaza, kuma ta ji wannan ta baki huɗu, kowanne da nasa gishirin.

A ƙofar gidan Kaka akwai dabinon ado, wanda mijinta Belmiro, Allah ya jiƙansa, ya dasa shekarar aurensu. A gindinsa Kaka take zama kowace yamma tana ɓarar wake tana gyara wa masu wucewa tafiya. Sai wani jan ƙwaro mai dogon baki ya iso ƙauyen, ya cinye zuciyar itacen. Kansa ya rusuna, aka zo da inji aka sare shi, aka tone kututturen. Tun ranar Kaka ta ja kujerarta zuwa kicin, ta juya wa taga baya. Wata huɗu ba ta leƙa ƙofa ba. Abinci ma sai ta tsakura ta ture. Kawu Firmino, ɗanta, ya ce ramin ne ke tuna mata, ranar Asabar zai zo da siminti ya shafe wurin, a huta.

Idalina ta san idan aka shafe, Kaka ta shiga kicin ke nan. Ta kwana biyu tana duba littafin furanni, ta rubuta sunaye bakwai a takarda, ranar Laraba ta nufi gida na ƙarshe. Ita ma, jikar kakarta, ta ƙofa ta shiga.

Ta samu Gwaggo Alzira a durƙushe tana cika gwangwanaye da ƙasa, tsohon karenta Piloto kwance a gefe.

"Gwaggo, sannu da aiki. Wata alfarma na zo..."

"Kul! Kada ki ƙarasa. Jinin Deolinda dai ba ya ɓuya. Mece ce wannan a hannunki, takardar asibiti?"

Ta karɓa, ta nisanta ta da ido, ta bi sunayen da yatsa mai ƙasa.

"Wani dabinon? Ki kai wa ƙwaro abincin dare ke nan. Wannan mai kan tsuntsu, a otal mutum biyu ke yi masa hidima, ku wa kuke da shi? Wannan kuma mai faɗin ganye, saiwarsa sai ta fasa muku rijiyar ruwan sama ta shiga ta yi wanka. Wannan ƙaya ce zalla, ga Firmino da jikoki masu gudu ba birki. Wa ya rubuta littafin nan? Ya taɓa tsayawa a ƙofarku da ƙarfe uku na rana?"

"To ni dai inuwa nake nema mata, Gwaggo."

"Inuwa! Shekararta tamanin da biyu. Kafin abin da za ki dasa ya yi inuwa, ni da ita muna can muna faɗa a wani wurin. Ga rumfar inabi a gefen gidan, ta ishe ta."

Idalina ta tsaya da takarda a hannu, idonta ya kawo ruwa. Tsohuwar ta dube ta sau ɗaya, sai ta juya mata baya gaba ɗaya, ta fuskanci kare.

"Piloto, kana ji na? Ka ga gwangwanin zaitun ɗin can a kan katanga, na uku daga kusurwa? Ɗan rumman ne, shekararsa biyu. Rana ba ta dame shi ba, ruwa kofi biyu ya ishe shi, saiwarsa ba ta da rashin kunya. Jan furensa a jikin farin bango, kai, sai ka rantse an kunna wuta. Ina jinsa kamar raina. Ka tsare mini shi, kada wata marar tarbiyya ta ɗauke shi da misalin ƙarfe biyu, lokacin da nake kishingiɗe kai kuma kana ɗaure."

Piloto ya yi hamma. Haƙori uku suka rage masa.

"Kuma da ni ce ɓarauniyar, Piloto, a karkace zan dasa shi. In bar duk 'ya'yan da suka tsiro a gindinsa. In ɗaure shi da igiyar shanya, ɗaurin buhu."

"A karkace kuma, Gwaggo?"

"Wa ya yi da ke? Da kare nake magana."

Idalina ta juya za ta fita, bakinta ya riga ta. "To, Gwaggo, na go..."

"Haɗiye ta! Haɗiye ta, ja'ira, kafin itacen ya ji!"

Ta haɗiye. Da ƙarfe biyu ta dawo ta bayan katanga, gabanta na faɗuwa kamar wadda za ta fasa banki, ga shi ita ce mai karanta addu'a a coci ranar Lahadi. Ta sungumi gwangwanin ta rufe da gyale. Ta kafar leƙen taga ta ji an yi tari.

Ta dasa shi yadda aka gaya wa kare. Ya tsaya a tsakiyar babban ramin, bai kai ƙugunta ba, ya karkata wajen titi kamar mai jiran mota. Sai da ta gama ɗaurin ta tuna abin da ita ce ma ya kamata ta fara tunawa: mahaifin Kaka gonar rumman gare shi, itace ɗari da ashirin, kuma Kaka ce take bin sa da wuƙar gyaran itace tun tana 'yar shekara tara.

Alhamis Kaka ba ta ce komai ba. Juma'a Idalina ta lura kujerar ta ɗan juya, taga ta koma gefenta maimakon bayanta. Da rana Kaka ta cinye miyar kifinta tas, tana taunawa kamar mai jin haushin cokali.

Asabar da hantsi Kawu Firmino ya iso da buhun siminti shida a bayan mota. Ya sauko, ya zagaya ramin, ya tura hula baya.

"Idalina, wannan tsinken sakace fa? Ke da makarantarki, ko miƙewa bai yi ba. Matsa in tuge shi, rana na yi."

"Kawu, don Allah ka bar shi ko mako ɗaya."

"Mako ɗaya ya zama me? Sandar makiyayi?"

Ya sunkuya ya kama shi. Sai ga ƙarar sakata.

"Firmino. Cire hannunka."

Kaka ce a bakin ƙofa, da silifas, tana ƙifta ido saboda haske, tsohuwar wuƙar mahaifinta a hannu. Ta sauko matakala biyun ba tare da ta kama kowa ba.

"Wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan ɗaurin? Akuya aka kama? Dubi 'ya'ya biyar a gindi suna shanye shi, an zuba musu ido. Kwana uku ina kallo, na ce bari in ga ko akwai mai hankali a gidan nan. Babu."

"Mama, simintin fa?" in ji Kawu.

"Ka shafe bakinka da shi. Ɗauko fartanya." Ta juyo kan Idalina. "Ke kuma, daga ina?"

"Tsinta na yi, Kaka."

"Tsinta. A kan katanga, ko? A gwangwanin zaitun?" Ta murza wani ganye tsakanin yatsu. Can ta rage murya. "Kin yi godiya?"

"A'a."

"To, da sauƙi."

Ta sa Kawu ya tone shi ya miƙar, ta sa ya sake, domin ya wuce da yatsa biyu. Ta yanke 'ya'yan gindin da kanta. Da ƙafarta ta gaji ta ce a fito mata da kujera, ba don komai ba, don ba a barin jahilai da itace. A nan yamma ta same ta, tana gaya wa Graciete cewa siket ɗinta ya ɗage ta baya.

A watan Mayu rumman ya yi fure uku. Kaka ta tsinke biyu, ta ce yaro ne, kada ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa, kuma duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ji dalili.

Cikin makon nan ne Idalina ta bi ta gida na ƙarshe za ta shiga motar Silves. Gwaggo Alzira na jingine da katanga, hannu babu gwangwani, abin da ba a saba gani ba. Piloto na kwance a ƙafarta, amma wannan karon ba shi ta kalla ba.

"'Yar nan, zo. An ce ya yi fure."

"Uku, Gwaggo. Ta cire biyu."

"Daidai ta yi. Ita dai a rumman ba a ja da ita, sauran abubuwa ne ba ta sani ba." Ta gyara malafa, ta kankare ƙasa daga farce. "Shekara ashirin da shida ina dasa wa baƙi, ban taɓa zama na kalli ko ɗaya ba. Gobe da yamma zan bi ta ƙofarku, zan je duba wani abu. Ki fito da kujera ta biyu ki ajiye kusa da ta kakarki, kamar mantuwa kika yi. Idan na iso ki ce kin ga ina ɗingishi, ki matsa mini in zauna. Zan ƙi sau biyu. Kada ki gaji, ki yi na uku."