Hotuna Goma Sha Biyun da Na Ƙi Kai wa Dattawa

Shekarun baya can, tun haƙorana suna cike da bakina, kyamara ta taɓa tsayar da ni gaban dattawan coci ana saura sati uku aurena. Abin da ya tuna min shi ne wani matashi da na ga yana tambaya a wannan dandalin ko ya kamata mai bi ya bar ɗaukar hoto. Na ce bari in ba da nawa. Ku yi haƙuri da rubutun, aji uku na yi a makarantar mishan, na ukun ma rabinsa a kan mangwaron malam na yi shi.

Mu mutanen wata unguwa ne a bayan Gozaki. Mahaifina manomi ne, kuma har ya bar duniya bai saki addinin kakanninsa ba, da tsafinsa na gida da giyarsa. Ƙaninsa kuwa, wato baffana, shi ne na farko da ya bi Almasihu a unguwar. Shi ya kwaɓa ƙasar da aka gina cocinmu, shi ya ja ni da kunne har ruwan baftisma. Dattijon ikkilisiya ne, irin wanda in ya yi gyaran murya sai mawaƙa su manta baiti. Tsakaninsa da mahaifina gaisuwa ce kawai, ita ma a tsaye.

Kyamarar a Funtua na samo ta, lokacin da nake zuwa dakon auduga da rani. Abokina ne ya ba ni, wani Bayarabe haifaffen garin mai shagon hoto, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri. Tsohuwa ce, irin wadda ake ratayawa a wuya a leƙa ta sama, fim ɗaya hoto goma sha biyu. Daga ranar na zama annoba. Na ɗauki akuya, na ɗauki mata a rijiya suna zagina, na ɗauki Fasto yana gyangyaɗi a taron godiyar girbi. Ba sana'a nake yi ba, daɗin abin kawai nake ji. Sau biyu dattawa suna ja min kunne. Ɗaya cikinsu ya ce dokar Musa ta hana yin siffar abu mai rai, na ce ai ni ba yin siffar nake ba, tarar da ita nake yi. Bai yi dariya ba.

A kakar shekarar ne mahaifina ya yi dubu, wato ya ɗaure dami dubu na dawa, abin da manomi kan tsufa ya mutu bai gani ba. Dole a yi biki, da makaɗa, da yankan bunsuru a gindin tsafi, da giya tulu-tulu. Aka yi sanarwa a coci cewa duk mai bin da ya taka wurin ya kuka da kansa. Ni kuwa na ce a raina ba zan ci ba, ba zan sha ba, ba zan durƙusa ba, idona kawai zan kai, shi ma ta cikin gilashi. Irin wayon da nake yi wa Allah ke nan a lokacin.

Na hau tsanin da aka jingina a rumbun yamma na ɗauki sha biyun nan cif. Mutum a saman rumbu da akwati a ƙirji ba ya ɓoyuwa, kafin in sauko labarina ya isa coci.

Da na koma Funtua karɓar hotunan da na kai wanki, abokina ya baza hotunan a kan tebur, ya ɗora yatsa a kusurwar guda ɗaya.

“Wannan ba dattijonku ba ne da ya zo har nan ya ce in daina ba ka fim?”

Makaɗa na nufa da na ɗauki hoton. Amma can gefe, bayan danga, a gindin tsamiya, ga mahaifina a tsaye, ga baffana a tsugune gabansa da ƙwaryar giya a baki. Fuskarsa tar, har tsagen kumatunsa.

Nan take na gane yadda aka yi. A gidanmu, ranar irin wannan biki, ƙanin maigida ne ke shan ƙwaryar farko. In ya ƙi, ya shaida wa duniya ba ya murna da arzikin wansa, kuma har kabari ba a mantawa. To ashe tsohon ya zagayo ta gona, ya kurɓa a ɓoye, ya koma ta inda ya fito.

Ba zan yi muku ƙarya ba, dariya na yi. Daga Funtua har Malumfashi ina bayan mota ina ƙyaƙyatawa ni kaɗai, ina cewa yau na kama mai kama mutane. Daga Malumfashi zuwa gida dariyar ta fara tsinkewa.

Ranar Lahadi bayan sujada aka ce in tsaya. Fasto ne da dattawa huɗu, har da baffana. Fasto ya yi magana a hankali. Ya ce in kawo hotunan duka da fim ɗin Lahadi mai zuwa, a duba a ga ko akwai wani mai bi a ciki, sannan a ƙone, in ajiye kyamara, in nemi gafara gaban jama'a, sai a ɗaura aurena a ranar da aka sa. In na ƙi, horo ne: wata uku a bencin baya, ba Jibin Ubangiji, ba ɗaurin aure.

“Sha biyu ne,” in ji shi. “Na taɓa riƙe irinta. Kada ka kawo min sha ɗaya.”

Na saci kallon baffana. Ko gezau. Shi a saninsa babu wanda ya gan shi, kuma yana tsammanin kyamara abin da aka nuna mata kawai take kamawa. Har ma ya ƙara da cewa a kawo su, a tsabtace ikkilisiya.

Satin nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. In na kai hotunan, mutumin da ya gina cocin da hannunsa zai faɗi a gaban waɗanda ya koya wa addu'a. In na ƙi, aurena ya tafi. Abokina ya aiko min da shawara in ce haske ya shiga fim ɗin ya lalace. Na juya maganar, na ga ban taɓa jin kunyar yi wa mutane ƙarya ba, amma wannan a cikin coci za a yi ta, ina kallon tebur ɗin Jibi.

Yarinyar da zan aura ta tare ni a hanyar rijiya. An riga an kai ɗinki, an gaya wa dangi har Ƙarfi da Matazu. Ta ce takarda ce fa, in kai musu mana. Na ce ba zan iya ba. Ta tambaye ni ko wata mace ce a ciki. Na rantse ba mace. Ta ce to mene ne. Na ƙi faɗa.

“To ka auri akwatin,” ta ce, ta ɗauki tulunta.

Ranar Asabar na sa hoton cikin hulata na nufi gonar baffana. Dabarata in nuna masa, shi kuma ya san yadda zai kashe maganar wajen dattawa. Na tarar da shi yana tsinkar auduga. Ya miƙo min gorar ruwa, ya ce in yi biyayya gobe kada in ba shi kunya, shi ya tsaya min ranar baftisma, kuma kullum yana sa ni a addu'a. Yana magana ina jin hoton yana jiƙewa da zufa a tsakar kaina. Na ga in na ciro shi, wuƙa ce na ɗora masa a wuya, daga ranar kuma duk abin da ya yi min don tsoro zai yi. Na sha ruwan, na ce a tashi lafiya, na juyo da hulata a kai.

Washegari na shiga gaban dattawa da kyamarar, na ajiye ta a kan tebur.

“Ga ta, na bari. Amma hotunan ba zan kawo ba.”

Fasto ya tambaya ko na ƙone su ne. Na ce suna nan. Ya ce ko sun lalace. Na ce sun fito sarai. Ya ce to me ya hana. Na ce ba zan iya faɗa ba. Dattijon nan mai dokar Musa ya ce ai ga shi nan, tsafin ya shiga yaron ta cikin akwatin, ya fi son hoton bunsuru da matar aure. Wani ya ce ko ni ne a ciki ina sha. Na ce ni ina bayan kyamara, ta yaya zan shiga.

Sai baffana ya miƙe. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce shi ya kai ni ruwa, shi zai fara cire hannunsa daga kaina. Ya ce ɗan da zai hau sama kamar biri yana kallon abin ƙyama, sannan ya zo yana yi wa dattawa taurin kai... Sai ya tsaya. Ya dube ni.

“A ina ka ce ka tsaya?”

“Kan rumbu, Baffa.”

“Wane rumbun?”

“Na yamma. Mai kallon tsamiya.”

Ya daɗe a tsaye.  Sannan ya lalubi benci da hannu ya zauna.

Na sunkuyar da kai ina jira. Na ce yanzu zai yi magana, yanzu zai ce a sassauta wa yaro. Fasto ya juya ya ce, Dattijo, ɗanka ne, me ka ce?

“A yi masa abin da doka ta ce.”

Haka aka yi. Kafin yamma uban yarinyar ya aiko cewa zai sake tunani a kan maganar auren gaba ɗaya.

Kada ku ɗauka waliyyi ne ni. A satin nan sau biyu ina zuwa har ƙofar gidan Fasto da hoton a hula. Na farko na tarar ba ya nan. Na biyun yana nan, ya fito ya ce lafiya, na ce na zo gaishe shi ne. Na gaishe shi, na gaida matarsa, na tambayi lafiyar kajinsa, na dawo ina zagin kaina da baffana da Bayaraben da ya ba ni kyamarar.

Lahadi ta zo, na zauna a bencin baya ni kaɗai. Benci ne gurgu a jikin ƙofa, duk mai shigowa sai ya wuce ta gabanka ya yi kamar bai gan ka ba. An fara waƙa sai ga baffana da farar rigarsa ta sujada. Na kau da kai don ya wuce. Bai wuce ba. Sai ji na yi benci ya lotsa.

“Matsa,” ya ce ƙasa-ƙasa. “Bencin nan ba na ubanka ba ne.”

Mawaƙa suka rikice da gaske. Da lokacin sanarwa ya yi, Fasto ya faɗa cewa baffana ya zo da ƙafarsa ranar Juma'a ya faɗi abin da ya yi, an sauke shi daga dattawa, zai yi wata shida a horo. Nawa horon ba a cire ba, don ni ma ai na je wurin. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, coci duka tana kallonmu ta wutsiyar ido. Can tsakiyar wa'azi ya sunkuyo ya ce in kawo masa hoton ya gani.

Na kai masa gona. Ya riƙe shi nesa da ido, ya daɗe yana kallo. Ya ce shi dai na ɓata shi, na mai da shi kamar kwaɗo, amma Yaya, wato mahaifina, ya fito da kyau. Ya sa a aljihu, bai dawo min da shi ba, ni ma ban tambaya ba. Ban san wani hoton da su biyun suke tare ba.

Auren an ɗaura shi da farkon damina, bayan baffana ya yi sawu uku gidan uban yarinyar. Tana nan zaune kusa da ni yanzu, kuma har gobe in muka yi faɗa sai ta tuna min cewa na taɓa zaɓar akwati a kanta. Kyamarar ma Fasto ya maido min da ita bayan horo, ya ce in yi hankali. Na ƙara shekaru ina ɗauka, sai dai ban sake ɗaukar mutum ba sai na ce masa ga ni, ya gyara tsayuwa.

To kai matashi mai tambaya, ni ba malami ba ne, ba zan ce ka bari ko kada ka bari ba. Ni dai abin da na gani, zunubin ba cikin akwatin yake ba. Yana cikin dariyar nan da na yi daga Funtua zuwa Malumfashi, da na ji asirin mutum ya faɗo hannuna na ji daɗi. In kana da irin wannan dariyar, ita za ka fara ajiyewa.

Baffana ya daɗe da rasuwa, na kuma yafe masa tun yana raye. Amma har yau in na tuna muryarsa yana cewa a yi min abin da doka ta ce, abin yakan yi min ciwo. Sati ɗaya ya ɗauka kafin ya iya tako ƙofar nan ya zauna kusa da ni. Da ina ganin satin ya yi tsawo. Yanzu da na kai shekarunsa, ina da 'yan abubuwan da nake ɓoyewa a bayan tawa dangar, ban tabbata ni zan iya yinsa a sati ɗaya ba.