'Yar rediyo ta tura ni ƙofar Hajj Bello

"Baba, na ji ka, amma sai wani ya tabbatar min kafin mu sa a labarai."

Haka 'yar gidan rediyo ta ce da ni. Na kira ne in shaida musu ciyawa ta toshe tur'armu, hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu a Wad Haddad, ruwa ba ya isa hawashata, wato gonata, dawata tana bushewa.

Na ce, "'Yata, da furfurata zan yi miki ƙarya?"

Ta yi dariya. "Ko mahaifina ne, haka aikin yake. Wa ke noma kusa da kai?"

Hajj Bello ne, wanda ba ma gaisawa tun shekarar da ya karkatar min da ruwa. Na kashe waya ina masifa. Da na sake duban dawata, sai ga ni a ƙofarsa.

Ya ce, "Kai ne? Mutuwa aka yi?"

Na sake kiranta, na miƙa masa waya. Abin da na faɗa shi ya faɗa mata. Labari ya fita, aka zo aka yashe tur'a.

Ku sani ban yafe masa ba. Jabanarsa dai, gahawar da ya zuba min, na sha, kuma ta yi daɗi. Ku ne, da kun je?