Neman Gauraki Bayan Fari

Farin da ya ƙone mana gero shekara biyu a jere shi ya kafar da tafkin bayan garinmu, kusa da Gafasa, har ƙasarsa ta tsattsage. Tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe duk suka watse. Amma abin da ya fi damun mahaifina shi ne gauraki, don tun yana yaro yake zama a gindin wata kanya yana kallon rawarsu a bakin ruwan.

Lokacin ina saurayi, noman gonarmu ya dawo hannuna saboda ƙafafun Baba sun kumbura. Da damina ta yi kyau tafkin ya sake cika, amma gauraki ba su dawo ba. Wata rana ina shimfiɗa masa tabarma a zaure sai ya ce, "Ni da su kuma sai a labari."

Na ce, "Baba, ai ba mutuwa suka yi ba, wuri suka sake. Zan nemo su."

Ya yi dariya ya ce, "Kai da zakaran gidan nan ma yake gagarar ka?"

Muna gama girbi na ari keken yayana na shiga yawo. Na fara da wata fadama ta wajen Kademi, ban tarar da komai ba sai belbelu da garken jan biri suna tonon ragowar gyaɗa. Ƙaya ta fasa mini taya, na turo keken har gida. Na liƙe ta, na sake fita. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Ci za ka yi?" In na ce kallo kawai, sai a dube ni kamar mai taɓin hankali. A wannan yawon na ga gada, na ga guza ya kai tsawon hannuna, amma ko gashin gauraka ban tsinta ba.

A kasuwar Ajingi na dace. Wata dattijuwar Bafulatana mai tallar nono ta ji ina tambayar masunta, ta ce kullum da sassafe kukansu ke tashin ta, can arewa wajen kogi, bayan rugarsu.

Washegari ina idar da sallar asuba na kama hanya. Na ajiye keken a rugar, na kutsa cikin gamba da rarrafe, raɓa ta jiƙe ni sharkaf. Da na ɗaga kai sai ga su a kan yashi, tukkayensu kamar zinariya, suna buɗe fukafukai suna tsalle suna rusuna wa juna.

Innata ta ƙi yarda in kai Baba. Ta ce, "Kashe mini shi za ka yi a hanya?" Na yi ta lallashi har ta haƙura. Na ɗora shi a jaki, na tallafe masa ƙafafu da tsumma, muka tafi sannu a hankali. Mutanen rugar suka sauke mu, suka dama mana fura.

Safiyar farko babu gauraka ko ɗaya. Muka zauna har rana ta yi zafi. Baba ya ce, "Ka yi ƙoƙarinka, mu koma."

Na ce, "Ba inda za mu sai kun gan su."

Safiya ta biyu muka ji kukansu daga sama tun kafin su bayyana. Suka sauka gabanmu kaɗan. Na miƙe ina nuna masa, ya fizgo rigata ya ce a hankali, "Zauna mana, za ka kore su!" Daga nan ya yi ta tasbihi har suka tashi.

Da muka koma gida ƙafafun suka ƙara kumbura, Inna ta yi ta faɗa tana gasa masa su da ruwan zafi. Shi kuwa yana kwance yana kwatanta wa maƙwabta hanyar wurin dalla-dalla, har da kukar da za su bari a hannun dama.