Littattafan Malam Muntaka a Hannun Masu Ƙosai

Allah ya karɓi ran Malam Muntaka, mai ɗinkin littattafai a Tudun Wadan Zariya, ranar Talata, goma sha ɗaya ga Maris, 1958, bayan fama da ciwon ƙirji. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Malam, ni ne Salmanu. Ina rubuta wannan kaina a sunkuye.

Duk wanda ya shiga zaurenka ya san mujallun zanen nan na Turanci, masu labarin mutanen da suka hau jirgi mai siffar harsashi suka tafi duniyar taurari. Dozie Onyekwere mai kanti ne ke kawo maka su daga Ikko. Takardarsu ba ta da ƙwari, sai ka riƙa ɗinke su, ka yi musu bangon kwali, ka lulluɓe da jar fata. Da aka fara sake buga tsofaffin a manyan littattafai masu ƙaƙƙarfan bango, ka ce sai ka mallaka, alhali ka haddace abin da ke ciki. "A nan launin ya fi fita," ka ce mini. "Dubi shuɗin nan!"

Bayan la'asar mukan cika zauren, teloli da akawuna da direbobi. Kana nuna zane da tsinke kana fassarawa, har muryar mutum-mutumin ƙarfe kake kwaikwaya. Ba ka taɓa hana aro ba, sharaɗinka dai a wanke hannu. Da na karye a ƙafa, kullum sai ka zo da littafi a hammata, ka karanta kaɗan ka rufe a daidai wurin daɗi, wai don in daina tunanin ciwo in koma tunanin gobe.

A zaman makokinka, ƙanenka Sabo, wanda ya zo daga ƙauye, ya fito da littattafan nan naka cikin buhu ya ce, "Akwai mai bukatar takardun nan?" Liman da dattawa suna zaune. Wani ya ce ai kayan wasan yara ne. Mu da muka sha daɗinsu shekara da shekaru muka zuba wa tabarma ido, kowa yana jin nauyin a ce magidanci da gemunsa yana son zane. Sabo ba shi da laifi, bai san su ba. Ya raba wa masu ƙosai da masu tsire.

Dozie yana Anacha lokacin. Da ya dawo ya sayi ƙosai, sai ya ga jirgin nan naka a jikin takardar da aka ƙunso masa, jiƙe da mai. Ya rufe kantinsa, ya bi masu suya ɗaya bayan ɗaya har unguwar Kongo, yana karɓo abin da ya rage. Ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Malam Salmanu, kuna wurin aka yi haka?"

Na ce, "Muna wurin."

Ya gyaɗa kai kawai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tare muka kai wa 'yarka Atika ɗan abin da ya tsira. Ta zaro wani mai jar fata ta ce, "Baba bai gama karanta mini wannan ba." Ta buɗe ƙarshensa, an yage. Ta tambaye ni ko mutanen sun dawo gida. Na sani, domin a bakinka na ji. Na ce mata sun dawo, amma kunya ta hana ni duban idonta.

Allah ya jiƙanka, Malam Muntaka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba mai ɗakinka Lauratu da Atika da Sabo haƙurin wannan rashi. Ya saka wa Dozie da alheri. Mu kuma da muka yi shiru, Allah ya yafe mana.